Kuɗin Firamare: A Hannun Gwamna Ko A Hannun Ciyaman?

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnonin jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Kotu ta ce kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya ya riƙa zuwa musu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da makullinsa ke aljihun gwamna ba. Ta kuma haramta a rushe zaɓaɓɓun shugabanni a naɗa kantomomi. Jama'a suka yi ta sam barka a gidajen rediyo da majalisun hira. Sai dai akwai waɗanda murnarsu ta zo da faɗuwar gaba, su ne malaman firamare. Ƙungiyarsu ta NUT ta daɗe tana cewa ba ta da ja da a sakar wa ƙananan hukumomi mara, amma kada a bar albashin 'ya'yanta a hannun ciyamomi.

Dalilin fargabar a fili yake ga wanda ya san hanyar da kuɗin ke bi. Ƙananan hukumomi gaba ɗaya suna samun kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa a asusun tarayya, jihohi kashi 26.72, gwamnatin tarayya kashi 52.68. A yawancin jihohi, daga kason ƙaramar hukuma ake fara cire albashin malaman firamare a miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ita ta biya. Gina ajujuwa da sayen kujeru kuwa sun fi dogara da tallafin hukumar UBEC ta tarayya, wadda dokar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, bisa sharaɗin sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta taɓa ko sisi. Ke nan makarantar firamare guda tana da iyaye uku, kuma duk ranar da kwanon aji ya yaye, kowannensu na iya nuna ɗan'uwansa da yatsa.

To, in aka bi hukuncin kotu har ƙarshensa, shin ciyaman ne zai riƙe kuɗin makarantun yankinsa, ko a bar su inda suke?

Hujjar masu son a miƙa wa ciyaman

Masu wannan ra'ayi suna farawa da karin maganar da ta zauna daram a nan: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hedimastan ƙauyen da iska ta kwashe masa rufin aji a farkon damina, yau sai ya rubuta wa sakataren ilimi, sakatare ya tura SUBEB, takarda ta kwanta a babban birnin jiha har sai an zo rabon kwangila. Kafin nan an haɗe 'yan aji uku da 'yan aji huɗu a ɗaki ɗaya, wasu a kan buhu, wasu a kan taga, ruwa ya gama cinye ginin da bandir biyu na kwano da kafinta ɗaya za su cece shi. Da kuɗin na sakatariyar ƙaramar hukuma, in ji su, hedimasta da mai unguwa za su hau babur su je su tsaya a ƙofar ciyaman. Ana iya tare ciyaman a wurin ɗaurin aure ko jana'iza a faɗa masa magana ido da ido. Gwamna kuwa sai dai a hango gilmawar ayarin motocinsa.

Suna ƙarawa da cewa tsarin da ake kai an gwada shi fiye da shekara ashirin, kuma ga sakamakon a gaban kowa. Adadin yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta, wanda UNICEF ta daɗe tana ambata, mafi yawansu a Arewa suke. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano, da bakinsa ya bayyana cewa miliyoyin yara a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Shekara da shekaru ana jin UBEC na kukan biliyoyin naira na zube a wurinta, jihohi sun ƙi kawo nasu rabin su karɓa. Duk wannan ya faru ne kuɗin na hannun jihohi. Wanda ya riƙe amana tsawon wannan lokaci ya dawo da ita a haka, da wane baki zai ce wani ne ba shi da amana?

Akwai kuma maganar abin da ke faruwa a cikin asusun haɗin gwiwar kansa. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya kafa shi ne don jiha ta zuba tata gudummawar a haɗa a raba wa ƙananan hukumomi. Sai abin ya juye. A watan Disambar 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da misalin da ya yi ta yawo: a turo naira miliyan 100, a ba ciyaman miliyan 50, a sa shi ya sa hannu cewa ya karɓi ɗari. Tun 2019 hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi ta yi yunƙurin toshe ƙofar, ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, gwamnoni suka garzaya kotu. Masu goyon baya suna cewa sunan malami ake fakewa da shi. Da an ce “an cire albashin malamai”, ba mai sake tambayar nawa aka cire, malamai nawa ne, su wane ne a jerin.

Martanin masu adawa

Malaman da suka kwana biyu a aikin ba sa doguwar muhawara, shekara ɗaya kawai suke ambata: 1991. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya ɗan daidaita. A 1991 aka rushe ta, aka ɗora nauyin firamare kacokan a kan ƙananan hukumomi, a lokacin da kasonsu ke zuwa musu kai tsaye daga tarayya, har ma an ƙara musu kaso. Ciyamomin wancan zamani ba kantomomi ba ne, zaɓaɓɓu ne da suka fito a zaɓen Disambar 1990 ƙarƙashin SDP da NRC, zaɓen da aka yi ƙato bayan ƙato, kowa ya ga layin da ya fi tsawo. Duk da haka malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya zama ruwan dare, masu dama suka bar alli suka kama wata sana'a. A 1993 dole aka dawo da hukumar. Masu adawa suna cewa abin da ake tallatawa yau da sunan sabon magani, tsohon ciwo ne da suka sha jinyarsa.

Sai hujjar lissafi, wadda a ganina ita ce mafi nauyi a duk abin da suke faɗa. Ba yawan ɗalibai ko malamai ne babban ma'aunin raba kason ƙananan hukumomi ba. Kashi 40 cikin ɗari ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 ne ke bin yawan jama'a, sauran ya bi faɗin ƙasa da wasu ma'aunai. Ka ɗauki ƙananan hukumomin cikin Kano irin su Dala, Gwale, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso, inda makaranta ɗaya kan tara dubban yara, ka kwatanta da ƙaramar hukumar karkara mai makarantu ƙanana. Nauyin albashinsu ba ɗaya ba ne ko kusa, amma tazarar kasonsu ba ta kai haka ba. Asusun haɗin gwiwa, duk da ɓarnar da ake yi a cikinsa, yana yin wani aiki a ɓoye: rarar wannan ƙaramar hukuma tana rufe giɓin waccan. An taɓa ganin lokacin da ake cire albashin malamai tun daga Abuja, wasu ƙananan hukumomi su tashi ba su da ko kwabo bayan cirewar. In aka raba tukunya yau kowa ya kama gabansa, za a sami malamai biyu masu takarda iri ɗaya, kwalta ce kawai ta raba makarantunsu, ɗaya ya ga alat ranar 28, ɗaya ya shiga wata na uku yana cin bashin mai shago. Haka abin yake ga fansho. Asusun fansho na haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi a Jigawa, wanda ake yawan misali da shi, ƙarfinsa daga haɗuwar ne.

Suna kuma tuna wa mutane Kaduna. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa cin makin da aka gindaya, aka sallame su. Ana iya jayayya a kan adalcin jarrabawar, NUT ma ta yi yajin aiki a kai. Amma masu adawa suna tambaya: ta wace ƙofa irin waɗannan suka shigo? Amsarsu ita ce ta hannun 'yan siyasar ƙasa, waɗanda suka mayar da takardar ɗaukar malami ladan wahalar kamfe. Ka ba ciyaman kuɗi da alƙalamin ɗaukar aiki tare, in ji su, duk yaron da ya manna fosta ya zama malamin lissafi.

Masu goyon baya ba sa barin wannan ta wuce. Suna cewa waɗannan malamai a ƙarƙashin idon SUBEB suka shekara suna karɓar albashi, ba wanda ya ce uffan. Game da 1991 kuwa, sun ce zamani ya sauya. A lokacin a kan tebur ake biyan albashi, kashiya ya zo da jaka, mai rabo ya samu. Lokacin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ne, naira na faɗuwa, an jibga wa ƙananan hukumomi kaya ba a auna ƙarfin wuyansu ba. Yau akwai banki, akwai lambar BVN, ana iya ganin ranar da kuɗi suka shiga da ranar da suka fita.

Inda gizo ke saƙar

Duk hujjar masu goyon baya a kan ginshiƙi ɗaya ta tsaya: ciyaman na jin tsoron mutanen garinsu domin su ne suka zaɓe shi. A nan ne sakamakon zaɓe ya shigo cikin maganar makaranta.

Bayan hukuncin kotu, jihohi suka yi ta rige-rigen gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi don kada a riƙe musu kaso. A Bauchi, a watan Agustan 2024, PDP ta lashe kujerun ciyaman 20 duka. A Kaduna, ranar 19 ga Oktoba, APC ta kwashe 23 duka. A Kano, ranar 26 ga Oktoba, NNPP ta share 44 duka da kansiloli 484. Jam'iyyu uku mabambanta, sakamako iri ɗaya, kuma kowacce ita ce jam'iyyar gwamnan jihar a lokacin. Hukumar zaɓe ta jiha gwamna ne ke naɗa ta. Ba sai an yi dogon nazari ba: ranar da aka ba mutum tutar jam'iyya mai mulki, ranar ya zama ciyaman. Zaɓen gama-gari walima ce kawai. Zaɓen fidda gwani shi ne zaɓen.

Shi kuma yaya ake yin sa? A lokacin waɗannan zaɓuka, dokar zaɓe ta 2022 ta tanadi hanya uku: 'yar tinƙe, inda kowane ɗan jam'iyya ke da ƙuri'a, ta wakilai, wato daliget, da masalaha. A matakin ƙaramar hukuma masalaha ce ta fi yawa, kuma kowa ya san fasalinta. A tara masu ruwa da tsaki a gidan jagoran yanki bayan sallar isha'i, a ce kowace ƙaramar hukuma ta kawo sunaye, a kai gidan gwamnati. Bayan kwana biyu suna ɗaya ya dawo. Sauran 'yan takara a kira su ɗaya bayan ɗaya: “Alhaji, a yi haƙuri, jam'iyya uwa ce, ba za a manta da kai ba.” Wanda ya ƙi janyewa ya ga an bar shi da fostocinsa. 'Yan siyasa da kansu suna da sunan abin, ɗauki-ɗora. Ga kuma tsadar shiga: a 2024 hukumar zaɓen Kano ta fara sanya naira miliyan 10 kuɗin takarar ciyaman, miliyan 5 na kansila, har maganar ta kai kotu. Tsohon hedimastan da gari ya yarda da shi, ina zai ga wannan kuɗi in ba wani ya biya masa ba? Wanda ya biya kuwa ba sadaka ya yi ba.

Masu adawa suna cewa wannan ya kashe magana. Ciyaman da aka ɗora ba ya kallon iyayen yara, sama yake kallo. In kuɗi suka shigo asusunsa kai tsaye, da yamma zai mayar da abin da aka ce ya mayar, sai dai yanzu ba takarda, ba sawu. A Anambra ma ba a ɓoye ba: a watan Oktoban 2024 majalisar jihar ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi.

Masu goyon baya suna juya hujjar. Sun ce ai saboda kujerar ba ta da komai ne mutanen kirki ba sa kokawa a kanta, talakawa ma ba sa fitowa ranar zaɓe. Wa zai ɓata da jagora saboda kujerar da aikinta sa hannu? In ya tabbata cewa ɗaruruwan miliyoyi na shigowa sakatariya duk wata, kuma kowa ya ji adadin a rediyo, ɗauki-ɗora zai yi tsada, domin masu neman kujerar za su yi yawa, masu tambaya ma haka. Gyaran, a cewarsu, shi ne a karɓe zaɓen daga hukumomin jihohi a ba INEC, a tilasta 'yar tinƙe, ba a ci gaba da riƙe kuɗin ba.

Abin da Abuja ta nuna

Akwai wuri guda da za a iya auna wannan fata, shi ne Babban Birnin Tarayya. Ba gwamna a can, kuma INEC ce ke zaɓen ƙananan hukumominsa shida: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Zaɓen na da rai. A watan Fabrairun 2022 aka raba su uku-uku tsakanin APC da PDP, abin da ba a gani a jihohi. In hujjar masu goyon baya ta cika, a nan ya kamata malamin firamare ya fi kowa kwanciyar hankali.

Ba haka aka gani ba. Bayan an sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, malaman firamaren Abuja suka yi ta jiran ciyamomi su aiwatar. A watan Maris na 2025 suka rufe makarantu, ba su koma ba sai a watan Yuli, fiye da wata uku yara na gida, a birnin da fadar shugaban ƙasa take. Sai da Minista Nyesom Wike ya shiga tsakani, aka amince a ɗebi kason ƙananan hukumomin na kuɗin shigar cikin gida a rage bashin. Wato daga sama aka sake kawo ɗauki.

Wannan ya raunana zancen cewa sahihin zaɓe kaɗai zai biya malami. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Albashi ba ya ɗaukar hoto. Ciyaman da ke neman ƙuri'a ya fi son kwalbati da fitilar titi da rabon babura, abin da za a yanka kyalle a kansa. Yaran da ke firamaren gwamnati 'ya'yan marasa murya ne. Duk mai ɗan hali, har da daliget da kansila da shi ciyaman ɗin, ya kwashe nasa ya kai makarantar kuɗi. Amma Abuja ba ta wanke gwamnoni ba. A jihohi da dama malamin firamare ne na ƙarshe da ƙarin albashi ke isa gare shi, ƙarin girma ya tsaya a takarda, kuma a can ba ciyaman ne ke riƙe da kuɗin ba.

Akwai wani abu da ɓangarorin biyu ba su cika taɓawa ba. A zamanin En'e, makarantar elemantare da harajin mutanen ƙasar ake tafiyar da ita, da jangalin shanunsu. Tsarin na cike da zalunci, shi ya sa talakawa suka yi murna da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979. Ba mai hankalin da zai nemi a dawo da bulalar dogari. Sai dai yau kusan duk abin da ƙaramar hukumar karkara ke kashewa daga Abuja yake zuwa, kuma kuɗin da mutum bai ji fitarsu daga aljihunsa ba, ba ya bin sawunsu da zafi. Ko a hannun wa aka ajiye su, wannan raunin na nan.

In aka tace hujjojin, ni dai ina ganin ana cakuɗa abu biyu da ya kamata a raba. Albashi da fansho suna buƙatar babbar tukunya da ranar biya tabbatacciya, kuma tarihin 1991 da lissafin rabon kaso da yajin aikin Abuja duk sun karkata ga masu cewa kada a bar su ga ganin damar ciyaman. Kwano da alli da kujera da rijiyar makaranta kuwa, nisan da ke tsakaninsu da babban birnin jiha shi ke kashe su, kuma a nan masu goyon baya sun fi gaskiya. Akwai ma kwamitocin kula da makarantu da ke haɗa iyaye da masu unguwa da malamai, waɗanda za a iya zuba wa kuɗin gyara kai tsaye a liƙa adadin a jikin bangon ofishin hedimasta.

Abin da bai warware ba shi ne wa zai riƙe babbar tukunyar. In jiha ce, an koma gidan jiya, an kuma yi wa hukuncin kotu kwana. In Abuja ce za ta cire tun daga tushe, akwai hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 da ya taka wa tarayya burki a kan cire kuɗi daga asusun tarayya kafin rabo, kuma masu kishin tsarin tarayya za su ce an ƙwace wa jihohi aikinsu. Kowace hanya aka bi, da wuya a kauce wa gyaran kundin tsarin mulki, ko don sauya sashe na 162, ko don miƙa zaɓen ƙananan hukumomi ga INEC. Gyaran kuwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. An kai musu ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi a zagayen gyaran da aka kammala a 2023, bai sami adadin ba. 'Yan majalisun da za a sake kai wa shi, su ma sai sunayensu sun dawo daga gidan gwamnati kafin su sami tutar takara.